Yafiya a Zauren Malam Abdulbaƙi

Da hannuna aka ɗauko Koci Maharazu. Gara in faɗa tun da fari, tunda a lokacin ban iya faɗa ba. Mu bakwai ne a kwamitin wasanni na kwalejinmu da ke Dutse, ni Kamilu ina wakiltar magoya baya. Da aka zo ƙuri'a, uku suna so, uku ba sa so, sai kowa ya juyo yana kallona. Na ɗaga hannu.

Dalilina ba ɓoyayye ba ne. Shekara biyar muna shiga gasar manyan makarantu ana koro mu tun zagayen farko. Bara a Kafin Hausa biyar aka zura mana, har golanmu ya zauna a bakin raga yana share hawaye da safar hannu. Maharazu kuwa ya je Ringim ya ɗauki ƙungiyar 'yan kayan gwari, yaran da ko takalmin kirki ba su da shi, ya ciyo musu kofi biyu a jere. Ya san aikinsa. Wannan ko maƙiyinsa bai musa ba.

Maƙiyan kuma ba a banza ya same su ba. Shekara shida da suka wuce shi ne mataimakin koci a wurinmu. Wata Talata cikin bazara ya sa yara zagaya fili da ƙarfe uku na rana. Wani ɗan wasan tsakiya, Abdulrauf, ɗan aji biyu, ya ce masa zazzaɓi yake ji. Maharazu ya ce lalaci ne, ya ƙara masa zagaye biyar. A na uku yaron ya faɗi, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Maharazu bai je jana'iza ba, bai je gaisuwa ba, sati bai cika ba ya tattara ya bar garin.

Abdulrauf ɗan Ɗayyabu ne. Ɗayyabu tela ne a Limawa, shi yake kaɗa mana ganga a fili shekara goma sha tara. Aminina ne tun muna wanke allo tare a makarantar Malam Abdulbaƙi. Ni ne babban abokin ango da ya yi aure, kuma ni na shiga kabari na karɓi yaron nan da hannuna biyu. Duk ina sane da wannan na ɗaga hannun, kuma tun daga ranar tsorona ɗaya ne, kada in rasa Ɗayyabu.

Kafin magariba labari ya gama gari. Zaurenmu na WhatsApp ya kama da wuta, mutum arba'in suka fice a yini guda suka buɗe nasu. Masu so suka sa wa kansu 'yan Sai Kofi, marasa so kuma 'yan Ba Mu Manta Ba. A teburin mai shayin bakin kwaleji benci biyu ne, da can inda ka samu nan kake zama, yanzu kowane ɓangare da nasa, mai shayin yana miƙa kofi ta dama da ta hagu kamar mai raba faɗa. Wasu ɗaliban da ke zagin kocin ba su ma san fuskar Abdulrauf ba, suna firamare ya rasu. Wasu masu kare shi kuma cewa suke yi kwana ne ya ƙare, ko a kan gado yake da ya tafi. Gaskiya ne, amma ba a bakin kowa take da daɗin ji ba.

Muna da wata al'ada da ta girmi yawancin 'yan wasan. Ranar wasan farko, sabon koci yakan tako shi kaɗai zuwa gaban magoya baya ya tsaya, mai ganga ya kaɗa masa take ya yi masa kirari, sannan mu amsa. In ba a yi haka ba, a takarda kawai yake koci. An taɓa kawo wani daga Kano da ya raina abin, bai yi wata uku ba. To ga shi saura kwana goma wasan farko, gangar kuma tana rataye a shagon Ɗayyabu.

Na same shi yana ɗinkin wata riga mai aska biyu. Bai ɗago ba.

"Kamilu, an ce huɗu da uku ne."

"Haka aka yi," na ce, na tsaya nan.

Ya cije zare ya tofar. "Ka faɗa musu su nemi wani makaɗin. Ga gangar nan, ba ta gādo ba ce."

"Ka san babu mai karɓa in ba daga hannunka ba."

"To su yi tafi."

Ya taka kekensa, ƙarar ta cika shagon. Na ɗan zauna, na tashi. Ban faɗa masa hannun wa ne na huɗu ba, shi ma bai tambaya ba.

Daga nan na wuce masaukin Maharazu. Na zata zan tarar da mutumin da na sani, mai tsawa da usur a wuya. Sai na ga ya yi furfura a gemu, ya rame. Da na ambaci sunan Ɗayyabu ya sunkuyar da kai.

"Malam Kamilu, sau biyu ina zuwa har bakin layinsu in juya. Ranar sadakar uku na zo, na hango tabarmin makoki, ƙafata ta ƙi. Da aka kwana biyu kuma sai kunyar rashin zuwan ta fi ta farko. Amma zan je. Ko zai mare ni zan je."

"Kada ka je kai kaɗai," na ce. "Na san halinsa. Bar min wannan."

Wannan maganar ita ce kuskurena, kuma da alfahari na faɗe ta. Ina ganin kaina mai dabara. Na san akwai mutum ɗaya a duniya da Ɗayyabu ba zai iya ce wa a'a ba, shi ne Malam Abdulbaƙi. Ya haura tamanin, idonsa ya yi rauni, amma har yau in ya aika kira, manyan mutane masu jikoki sukan cire takalmi tun daga ƙofar gida. Na je na durƙusa na ce masa 'yan'uwa Musulmi biyu ne suke gaba shekara shida, kuma abin ya raba kan matasan unguwa. Ban yi ƙarya ba. Sai dai ban ce masa Asabar mai zuwa muna da wasa ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar zauren ya cika. Na gayyaci dattawan unguwa huɗu, da mutum uku-uku daga kowane ɓangare don su zama shaida. Aka aika wa Ɗayyabu cewa Malam na kira. Ya shigo da sallama, awon ɗinki na rataye a wuyansa, da alama ya zaci wata hidimar makaranta ce. Sai ya ga Maharazu a rakuɓe gefen tabarma. Ya tsaya cak. Ya dube ni sau ɗaya, sannan ya je ya durƙusa gaban Malam.

Maharazu ya yi magana. Ya ce ya yi kuskure, ya ce bai taɓa kwana bai tuna yaron ba, ya ce Allah ya jiƙan Abdulrauf. Mutane suka amsa da amin. Ɗayyabu bai motsa ba.

Malam ya lalubo hannunsa ya riƙe. Sannan ya yi abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya cire hularsa ya ajiye a kan buzu.

"Ɗayyabu, ni na ɗora maka Fatiha. Ban taɓa roƙonka komai ba. Yau ina roƙonka, don Allah, don Annabi, ka yafe wa bawan Allahn nan."

A garin nan babu ɗan halak da zai bar kan malaminsa a buɗe. Kowa a zauren ya sani, ni ma na sani, don haka ma na shirya abin. Ɗayyabu ya yi sauri ya ɗauki hular da hannu biyu ya mayar masa.

"Allah ya gafarta Malam, na yafe."

Aka yi kabbara, aka shafa Fatiha. Wani daga cikin 'yan Sai Kofi ya ɗauki hoton su biyun suna musafaha, kafin mu fito ya riga ya watsa shi. A hoton Maharazu yana kuka. Ɗayyabu kuwa bango yake kallo.

Ranar Asabar filin ya cika har kan katanga. Ɗayyabu ya zo da gangarsa. Maharazu ya tako ya tsaya, Ɗayyabu ya kaɗa masa take bai rage ko bugu ɗaya ba, ya kira shi da sunan ubansa da na kakansa kamar yadda ake yi. Ɓangarorin biyu suka amsa da murya guda. Muka ci biyu da ɗaya. Ɗalibai suka ɗaga ni sama suna cewa ni na haɗa kan kwaleji, ni kuwa har da ɗaga musu hannu. Na ji daɗi ranar, ba zan ɓoye ba.

Washegari da hantsi na sayi ƙosai na nufi shagonsa. Yana yanka yadi. Na ajiye ƙosan na fara labarin ƙwallo ta biyu, yadda yaron ya murza ta daga kusurwa. Ya bar ni na gama.

"Na san hannunka ne na huɗu," ya ce. "Tun ranar na sani."

Na fara cewa shekara biyar babu kofi, ya ɗaga almakashi ya tsayar da ni.

"Wannan ƙwallo ce, ban riƙe ka a kanta ba. Mutuwa kuma ta Allah ce, na daɗe da sallamawa. Abu ɗaya nake jira. Shekara shida, duk wanda ya yi sallama a ƙofar gidana sai gabana ya faɗi, in ce ko shi ne. So nake ya zo da ƙafarsa, shi kaɗai, ya zauna a tabarmata ya ce min ya haƙuri. In kira Kubura ta tsaya bayan labule ita ma ta ji, don ita ta haife shi. In tambaye shi abin da yaron ya ce da ya faɗi, don an ce ya yi magana, kuma shi ne a kansa. Wallahi da a ranar zan yafe masa, da zuciyata."

"Ai zai iya zuwa yanzu," na ce. "Dama ya yi niyyar zuwa, ni na ce ya dakata."

Ban san me ya sa na faɗa ba. Ya ajiye almakashin a hankali.

"Kai ka ce ya dakata."

"Don in sauƙaƙa maka ne, Ɗayyabu."

"Ya zo ya yi me yanzu? Na riga na ce na yafe a gaban Malam. In na sake buɗe zancen na ƙaryata kaina, na kunyata tsoho. Magana ta mutu. Abin da ya rage min na ɗana ke nan, ka sa aka karɓe shi a gaban mutane saboda wasan Asabar. Kubura ta gani a waya, a wayar maƙwabciya."

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na ce ya yafe min.

Ya yi wani guntun murmushi. "Sai ka je ka ɗauko Malam."

Ya koma kan yadinsa ya ci gaba da yanka. Da na kai bakin ƙofa ya miƙo min ledar ƙosan.

"Ka manta kayanka, Malam Kamilu. A gaida gida."

Shekara arba'in muna tare, bai taɓa sa min Malam ba sai ranar.