Hotuna Dubu Goma Sha Ɗaya Babu Suna

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina ɗaukar hoto a shago ɗaya, kusa da tashar mota. Makaranta aji uku na yi aka cire ni. Amma duk wanda ya zauna a kujerata, na rubuta sunansa a bayan ambulan, da wata da shekara, na sa fim ɗinsa a ciki. Ba a taɓa zuwa neman hoto na ce ya ɓata ba.

Da idona ya yi rauni na rufe shago. Na kwaso ambulan kwali tara na jibge a ɗakin baya na gidan 'yata Auta, inda nake zaune yanzu. Mijinta ana ce masa Injiniya. Ban san abin da ya taɓa ginawa ba. A ofis yake, yana danne-danne. Shi ya ce fim yana ruɓewa, a mayar da shi cikin kwamfuta. A nan ya yi gaskiya. Damshi ya fara manne wasu, gara kuma ta riga ta cinye kwalin hotunan da masu su ba su zo karɓa ba.

Ya sayo wani inji mai murfi. Shekara biyu ni da Auta muna aikin, duk ranar da ba ta fita. Ita tana sa fim a inji, ni ina karanta ambulan da tabarau, ita tana rubuta sunan a ƙarƙashin hoton cikin manhajar da ke tara hotunan. Dubu goma sha ɗaya da ɗari biyu. Da muka gama, Injiniya ya kira masu kwasar shara suka kwashe kwalayen. Ɗakin ya zama wurin ajiye keken motsa jikinsa, wanda bai hau sau uku ba.

Wata Litinin da hantsi wata mata ta yi sallama. Nas ce, da farin kayanta, daga aiki take. Ta durƙusa ta gaishe ni.

"Baba, kai ne mai hoton bakin tasha?"

"Ni ne da."

Ta ce uwarta ta rasu wurin haihuwarta, ba ta san fuskarta ba. Dangin uwar sun watse, babu wanda ya rage da zai kwatanta mata. Ubanta ya rasu bara, kuma kafin ya cika ya gaya mata abu ɗaya: uwarta ta ɗauki hoto a shagona da tsohon ciki, aka ce ta dawo bayan kwana uku, naƙuda ta riga ranar. Ba wanda ya je karɓa.

Ta faɗi sunan uwar da watan da aka haife ta. Auta ta rubuta sunan a kwamfuta. Ya fito, guda ɗaya tak, wani ɗan ƙaramin murabba'i a kusurwar allo, kamar kan sarki. Nas ta miƙe za ta leƙa. Na tare allon da hannuna.

"Ba a ganin hoto kafin a wanke shi. Ki dawo ranar Alhamis."

"Baba, ko kallo ɗaya."

"Alhamis."

Auta ta harare ni. Haka nake aiki tun kafin a haife su duka biyun. Hoton da aka miƙa nan take, kamar ruwan leda, ba shi da daraja. Mutum ya jira, ya zo da tsabta, a miƙa masa a ambulan. Ni kaina ban buɗe shi ba, Auta ma na hana ta. Na ce gobe za mu kai a wanke a takarda mai kauri.

Goben ce ba ta zo da kyau ba. Da safe na tarar da Injiniya zaune gaban kwamfutar, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, yana shan shayi. Allon ya canja kala.

"Baba, albishirinka. Na raba mu da tsohon tsarin nan mai nauyi. Na goge shi gaba ɗaya, na sa sabo. Yanzu kwamfutar nan gudu take kamar barewa."

"Ina za ta?"

Ya yi dariya. Shi komai dariya ne.

"Kada ka damu, na kwafe hotunanka kaf kafin in goge. Ko ɗaya bai faɗi ba. Duba, dubu goma sha ɗaya da ɗari biyu."

"Rubuta sunan matar jiya."

Auta ta faɗa masa, ya rubuta. Babu. Ya sake rubutawa da manyan baƙaƙe. Babu. Ya ajiye kofin. Ya rubuta sunan tsohon direban da ya san na ɗauka sau goma. Babu shi ma. Kowane hoto lamba ce kawai a ƙarƙashinsa, kuma kowanne ranarsa ɗaya: jiya. Jaririn da yanzu yake da furfura, da amaryar da ta yi jikoki, duk jiya aka ɗauke su, in ji barewa.

Ya yi ta danne-danne har zufa ta keto masa. Daga baya ya yi bayani da dogon Turanci, Auta ta fassara mini. Ashe sunayen da muka yi shekara biyu muna rubutawa ba a jikin hotunan suke ba. Tsohuwar manhajar ce ta riƙe su a wani littafi nata daban, can cikin tsohon tsarin. Shi kuwa hotunan ya kwafa, ya bar littafin, ya goge.

Na ce, "Wato ka kwashe fim, ka ƙona ambulan."

"Ba haka ba ne daidai, Baba..."

"To yaya ne daidai?"

Ya naɗe kwamfutar ya kai wa mai gyara a bakin titi. Da azahar ya dawo yana jan ƙafa. Mai gyara ya ce an riga an rubuta sabon abu a kan wurin tsohon, sai haƙuri.

Auta ta fara kuka. Na ce ta share hawayenta ta jawo kujera, kuka bai taɓa wanke hoto ba.

"Buɗe mini su manya, ɗaya bayan ɗaya. Kada ki dubi fuska. Dubi bayan mutum."

Labule uku na yi amfani da su a rayuwata, irin wanda ake ratayawa a bayan wanda za a ɗauka. Na farko mai zanen bene, na biyu mai zanen tafki da kwalekwale, na uku ruwan ƙasa babu zane. Na sa ta buɗe folda uku, ta sa musu suna Bene, Tafki, Ruwan ƙasa. Injiniya ya leƙo ta kafaɗarta.

"Ai ba haka ake tsara fayil ba. Da shekara ake yi."

"Shekarar tana ina? Ka sha ta da shayi."

Ya koma falo.

Nas shekararta talatin da huɗu, sa'ar Auta ce. Lokacin labulen tafki ke nan. Kuma na san abin da kwamfuta ba ta sani ba. Wata biyu kafin a haifi Auta fitila ta faɗi ta ƙona labulen nan ta gefen hagu, daidai bakin kwalekwalen. Uwar Auta, Allah ya jiƙanta, ita ke yi mini ɗinki, kuma ciki ya yi mata nauyi. Sai da ta haihu ta warware sannan ta sa masa faci da wani shuɗin ƙyalle da bai dace ba. Wata huɗu labulen ya yi da ƙuna babu faci. Watan da nas ta faɗa yana cikin huɗun nan.

Ranar Talata muka ƙare a raba labule. Hannun Auta ya ƙage, idona ya yi ja. Ranar Laraba ta ƙi zuwa aiki, muka shiga foldar Tafki, sama da dubu huɗu. Mai faci, wuce. Marar ƙuna, wuce. Mai ƙuna, ajiye. Kafin la'asar mun ware ɗari da tamanin da shida. Na ce ta fitar da maza da yara. Sannan matan da ke tsaye, don ban taɓa barin mai ciki ta tsaya ba. Kujera nake ba ta, in juya ta gefe, in ɗora tukunyar furen roba a kan tebur kusa da hannunta. Mata biyar suka rage.

Ta farko matar tela ce, tana nan da ranta, har yau ba ta daina surutu ba. Ta biyu malamar makaranta ce mai wushirya, ta kawo mini 'ya'yanta shida ɗaya bayan ɗaya. Ta uku uwar Auta ce da kanta. Auta ta daɗe tana kallo. Na ce ta wuce.

Saura biyu. Ɗaya doguwa, ta kafe kyamara da ido kamar za ta yi faɗa da ita. Ɗaya gajera, ta sunkuyar da kai kaɗan, hannunta a kan cikin. Na sa aka ƙara musu girma har fuskar ta fashe. Na cire tabarau, na goge, na mayar. Na kira sunan a bakina ina kallon wannan, na kira ina kallon waccan. Babu wadda ta amsa. Sau ɗaya kowaccensu ta zo shagona, minti biyar, shekara talatin da huɗu da suka wuce.

Injiniya ya dawo daga ofis da sabuwar dabara. Wai sabon tsarin yana gane fuska, yana haɗa 'yan uwa wuri ɗaya. In nas ta zo a ɗauke ta, inji zai faɗi wadda ta yi kama da ita.

"Gwada da ni," na ce.

Ya ɗauke ni da waya, ya zuba. Abin ya yi ta juyi, sannan ya fito da mutum bakwai wai duk ni ne. Akwai mahauci, akwai ɗan sanda, akwai wata tsohuwa mai ɗankwali. Auta ta toshe baki da gyale.

"Gaishe da kakarka," na ce masa.

Bai ji kunya ba. Ya rage murya, kamar mai ba da shawarar arziki.

"Baba, gaskiya, ka zaɓi ɗaya ka ba ta. Doguwar ta fi kyau. Ba ta san fuskar ba, wa zai ƙaryata ka? Ta tafi da farin cikinta, kai ma ka huta."

Na dube shi tun daga takalmi har gashin kai. Wannan ne na ba 'yata.

"Kai in aka ce ka zaɓi uwa, mai kyau za ka ɗauka?"

Ya ce ba haka yake nufi ba. Kullum ba haka yake nufi ba.

Ranar Alhamis da safe na je da kaina aka wanke su biyu a takarda mai kauri. Na sa kowanne a ambulan ɗinsa. Na ɗauki fensir zan rubuta a baya, kamar yadda na saba, na rasa abin rubutawa.

Nas ta zo ƙarfe goma. Ta sa sababbin kaya, ta zo da firam ɗin hoto a jaka, guda ɗaya, da gilashinsa. Injiniya ya ce yana da taro a ofis, ya sulale ta ƙofar baya. Auta ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki.

Na ajiye ambulan biyu a kan tebur.

"Ɗaya daga cikinsu uwarki ce. Ban san wacce ba."

Ta dube ni. Na gaya mata yadda aka yi, a taƙaice: an canja tsarin kwamfuta, sunaye sun tafi, na bi labule har na kai ga biyu, a nan ƙarfina ya ƙare. Ban ambaci surukina ba. Ba don ya cancanta ba. Abin gida ne.

Ta zare na farko, ta zare na biyu, ta jera su. Ta daɗe tana kallonsu. Ta taɓa hancinta, ta dubi doguwar. Ta dubi hannunta, ta dubi na gajerar. Ta juya bayan takardun, fari fat.

"Ranar Litinin tana nan a allon," ta ce. "Da sunanta."

"Tana nan."

"Taku biyu tsakanina da ita. Ka sa hannu ka rufe."

"Na rufe."

"Kwana uku. Ita ma abin da ka ce mata ke nan, ko?"

Babu wanda ya taɓa yi mini magana haka a kan aikina.

Ba ta yi kuka ba. Nas ce, ta ga abin da ya fi wannan. Ta ciro firam ɗin, ta gwada doguwar, ta cire. Ta gwada gajerar, ta cire. Ta mayar da shi jaka babu komai a ciki, ta sa ambulan biyun a gefensa.

"Sai in sayi wani firam ɗin," ta ce. Ta yi wa Auta sallama. Ni ba ta durƙusa mini ba.

Tun daga ranar nake zama da Auta duk Asabar. Hoton da na gane, tana rubuta sunan a jikin fayil ɗin kansa, inda ko an canja tsari sau goma zai bi shi, ni kuma ina rubutawa a littafi da fensir, da lambarsa. Littafin yana ƙarƙashin katifata. Zuwa yanzu na gane ɗari tara da 'yan kai. Sauran suna nan suna kallona, lamba lamba. Injiniya ya ce akwai wata sabuwar manhaja da za ta sauƙaƙa mana. Na ce ya je ya hau kekensa.

Waɗancan biyun Auta ta tambaye ni me za ta rubuta musu. Na ce ta sa iri ɗaya a duka biyun: uwar nas, ko ba ita ba.