Kiɗan Layin Kafintoci

Da aka ba da sanarwar za a rushe layin kafintoci, Mai Zaɓi ta ɗauki rakoda ta nufi shagon babanta. Masu sauraro ne suka laƙaba mata wannan suna, don ita ke sa musu waƙoƙin da suka zaɓa a rediyo kowace yamma. Ta ajiye rakodar a kan benci, kusa da gwangwanin ƙusa.

"Baba, ku ci gaba da aikinku kamar ba na nan."

"Yo da ma wa ya ce za mu tsaya?" in ji shi, bai ko ɗago ba.

Washegari a shirinta, maimakon waƙar farko, sai ta saki abin da ta ɗauka. Zarto na kai da kawowa, guduma biyu na amsa wa juna. Can sai wuta ta ɗauke, injin yankan katako ya mutu, layin ya yi tsit. Ba ka jin komai sai kukan wata kaza da wani mai jan silifa. Ba ta yanke shirun ba.

Manajan tashar ya banko ƙofa.

"Me ya lalace?"

"Babu, ranka ya daɗe. Kiɗa ne."

"Kiɗa? Wa ya kaɗa, kazar?"

"Har da ita."

"Mutane za su ɗauka tashar ta mutu! Sa waƙa yanzu."

Ta dafe maɓallin da tafin hannu. "Sai ya ƙare. Da wannan aka rene ni, tun ban san ganga ba nake rausaya masa. Waƙoƙin nan suna nan gobe, shi kuwa mako mai zuwa babu shi."

Waya ta fara ruri. Wata mata ta ce ita ƙanwarta ta aika wa gaisuwa, ba mai guduma ba. Wani ya ba da shawarar a kira mai gyara. Wani dattijo kuma ya ce, "'Yata, maimaita mini wurin shirun nan," ya kashe.

A ranar aka dakatar da ita. Ta tarar da babanta a ƙofar shago, rediyo a cinyarsa, fuska a murtuke.

"Duk aikin da na yi jiya," in ji shi, "sai inda ƙusa ta lanƙwashe mini kika sa wa duniya?"

Dariya ta ƙwace mata har da hawaye.

Bayan an rushe layin, manaja ya kira ta a waya. Ya ce ta dawo, amma sai ta ba masu sauraro haƙuri.

"Zan dawo," ta ce, "amma ba da haƙuri ba. Yau na ɗauko sautin tashar mota da safe, da shi zan buɗe."

Ya katse wayar. Ta tura ta cikin jaka, ta ciro rakoda, ta tsallaka titi zuwa wurin masu ɗinki.