Makin Malam Shitu

Ranar da Sadiq ya saka Malam Shitu a zauren kacici-kacici, ranar wasan ya lalace, sai dai Safara'u kaɗai ta ga haka.

Su goma sha huɗu ne a zauren nan na Watsaf, duk aji ɗaya suka yi a firamaren ƙauyensu, can bayan Badafi, kafin neman abinci ya watsa su. Kowace Asabar bayan La'asar, Sadiq, mai shagon maganin feshi a Bebeji, zai jefo tambaya goma, wanda ya riga ba da amsa daidai ya ɗauki maki. A ƙarshen shekara wanda ya fi kowa shi ne gwani, sai a sa hotonsa a fuskar zauren har wata shekarar. Ba kofi, ba ko sabulu. Amma Safara'u, malamar kimiyya a wata makarantar 'yan mata a Tudun Wada, shekara uku tana zuwa ta biyu, kuma bana ta rantse ba za a sake yi mata haka ba. Tana gaba da maki tara aka kawo Malam.

Malam Shitu shi ya koyar da su a aji biyar da aji shida. Ya yi ritaya, ya koma gonarsa, 'ya'yansa suka saya masa babbar waya. Kuma ba wanda zai ce ba malami ba ne. Taswirar duniya a kansa take, sai dai tun da ya haddace ta a kwalejin horon malamai bai sake leƙa ta ba.

Asabar ɗin farko gaisuwa ta cinye rabin lokaci. Ƙatti masu gemu, wasu har da jikoki a hanya, suka bi layi suna Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya gida, ya damina, ya ƙafar. Mujitaba, wanda sai ya hau tudu a Riruwai yake samun sabis, har hoton kansa ya turo a durƙushe. Da ƙyar aka kai ga tambaya: wace ƙasa ce ta fi girma a Afirka? Safara'u ta rubuta Aljeriya kafin kowa ya ƙifta ido. Bayan minti biyu saƙon murya ya shigo daga Malam, da sallama da salati a gaba, sannan ya ce Sudan, kuma yana mamakin ɗalibinsa da zai manta wannan.

Kowa ya san an raba Sudan gida biyu tuntuni. Sadiq ya yi ta rubutu yana gogewa, can sai ga hukunci: wannan mas'ala ce mai ƙauli biyu, don haka an ba Malam maki, an ba Safara'u maki.

Ƙauli biyu. Safara'u ta ajiye wayar a kan tabarma ta yi dariyar takaici. Mutumin da ke auna maganin ciyawa da murfin kwalba yau shi ne ya zama mai fatawa a kan girman ƙasashe.

Daga nan abin ya zama al'ada. Babban birnin Tanzaniya, Malam ya ce Darussalam, aka ce ai nan ne asali. Na Kwaddibuwa, ya ce Abijan, Mujitaba ya ce wallahi shi ma haka yake ji a rediyo. Da tafiya ta yi nisa ma aka daina raba makin, in Malam ya yi magana nasa ne gaba ɗaya, wai bai kamata a haɗa yaro da babba a sahu ɗaya ba. Wasu suka koyi jiran saƙon Malam su ji abin da zai ce, sannan su maimaita, har da ƙarin “kamar yadda Malam ya koya mana”. A bayan fage kuwa, sai su riƙa turo wa Safara'u hoton fuska mai dariya da hawaye. Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Sun san gaskiya sarai, tsoron a ce ba su da kunya ne ya ɗaure musu baki, suka raɗa wa tsoron suna ladabi.

Ita ma ba ta ce komai ba. Ta dai buɗe shafi a bayan littafin shirya darasi, tana rubuta kowane makin da aka yi wa Malam kyauta, tana ƙwafa.

Asabar ɗin ƙarshe ta shekara ta zo, ita da Malam kowa na da arba'in da ɗaya, saura tambaya guda. Tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, wayar a kan cinya. Sadiq ya tambaya: duniyoyi nawa ke kewaya rana? Ta rubuta takwas. Darasin da ta koyar ke nan ranar Laraba.

Malam ya turo murya, cikin nishaɗi. Ya ce tara, ya jero su da waƙar da ya sa su rerawa suna yara, ya rufe da Fuluto. Nan take zauren ya cika da Masha Allah. Sadiq ya fara rubutu, kuma ta san abin da zai fito.

Ta riga shi. Ta rubuta, “Allah ya ƙara wa Malam lafiya, takwas ne. Masana sun cire Fuluto daga lissafi. Ga shafin littafin da muke koyarwa da shi.” Ta ɗauki hoton shafin ta tura.

Kafin ta ɗauke yatsa, saƙonni sun fara shigo mata ta gefe. Mujitaba ya ce ta goge tun Malam bai gani ba. Wani ya ce boko ya hau mata kai. Sadiq ya kira sau biyu, ta ƙi ɗagawa. Daɗi take ji, ba za ta ɓoye ba.

Saƙon Malam na gaba gajere ne, ba sallama. “Safara'u, wace shekara aka cire ta?”

Ta rubuta dubu biyu da shida.

Kaji suka fara yi mata ɓarna a tiren shinkafa ba ta kula ba. Da muryar ta dawo, ta yi ƙasa sosai, ana jin kukan akuya a bayanta.

“Ni kuwa sai dubu biyu da sha biyar na ajiye alli. Shekara tara ke nan ina sa yara suna rera abin da ba shi ba. Akwai yarinyar da ta taɓa ce mini takwas ne, ta gani a littafin yayanta, na sa ta durƙusa a rana.” Ya yi tari. “Sadiq, cikin arba'in da ɗayan nan, nawa ne nawa na gaskiya?”

Sadiq, gwanin fatawa, sai ga shi sabis ɗinsa ya ɗauke. Sauran ma duk suka ɓace, kamar an watsa wa kaji ruwa. Safara'u ta jawo littafinta ta duba shafin baya. Tun da ta fara, gara ta ƙarasa. Ta rubuta goma sha biyu, ta ƙara da cewa tana rubutawa tun makon farko, in Malam yana so ta turo masa jerin.

Ta zaci zai yi faɗa, ko ya yi godiya. Ta shirya wa kowanne.

“Ashe tun makon farko kina rubutawa,” in ji shi. “Su dai tsorona suke ji, na yafe musu. Ke ba kya tsorona, kina da lambata, kin san hanyar gidana. Wata uku kina kallo ana yi mini dariya, ba ki faɗa mini ba sai yau da makin ya zama naki. Sadiq, in ka dawo ka sa hotonta. Ta ci.”

Washegari da safe aka sa hoton. Ta yi kyau a ciki, da farin mayafi. Kwana uku tana buɗe lambar Malam tana rufewa, ta rasa da wace gaisuwa za ta fara.