Gilashin Gwaggo Napari

Sanatu ta buɗe ƙullin ganyen shinkafa da wakenta ke nan sai ga Gwaggo Napari ta turo ƙofar ɗakin awon ido, ko sallama babu. Ta laluba kujera ta zauna, ta cire gilashin nan mai igiya daga wuyanta ta dangwarar a tebur.

"Ungo kayanki, likita."

In Gwaggo ta ce likita, to zagi ne. Ita ta goya yarinyar, ta san lokacin da ko majina ba ta iya sharewa.

Shekara shida Sanatu ta yi a Kumasi tana karatun ido, ta dawo Tamale da farar riga. Aikinta wai masu idon da ba ya warkewa, ta koya musu amfani da ɗan abin da ya rage. To, Gwaggo, ƙanwar ubanta, ta fara kamawa ta duba. Ta haska, ta leƙa, ta gano tsakiyar ganin Gwaggo ya daɗe da mutuwa, gefe-gefe kawai ya saura. Ta yi kuka, ta ba ta gilashi mai ƙara wa abu girma da baƙin faranti don farin abu ya fito a kansa, ta ce lallai ta tafi da su wurin aiki.

Aikin kuwa tsintar shinkafa ne a gidan Hajiya Azara, mai sayar da abinci a bakin tasha. Shekara goma sha tara. Bakwai daga ciki da yatsu Gwaggo take gani, ba wanda ya taɓa sani, ba kuma wanda ya taɓa tauna tsakuwa.

"Bai yi ba ne, Gwaggo? Akwai wanda ya fi shi ƙarfi."

"Ya yi mana! Ina ɗaga shi Hajiya ta taso daga bakin murhu. Wai, Napari, ashe makauniya nake ba wa shinkafata? Ta tara 'yan aiki, ta ɗaga yatsu daga nesa ta ce in ƙirga."

"Kika ce nawa?"

"Na ce biyar. Ashe ludayi ta ɗaga."

Sanatu ba ta yi dariya ba.

"Yau kwana uku ina zaune. Ta ba ni atamfa, wai in je in huta. Ta ɗauko jikarta mai ido kamar na mage, tana tsinta tana latsa waya."

"Zan je in same ta. In kai mata takardar asibiti, in yi mata bayani…"

"Me takardar za ta ce?"

Sanatu ta san amsar. Da hannunta ta rubuta abin da ke ciki.

"To kin gani. A da zargi kawai take yi, yanzu ki kai mata shaida." Gwaggo ta gyara mayafi. "Ci abincinki, 'yar nan, marasa ido na jiranki a waje. Na wa kika saya?"

"Na Hajiya. Da safe, a hanya. Wallahi ban sani ba, Gwaggo."

"Ci."

Ta ɗebo loma don kawai ta toshe bakinta. Ta tauna sau biyu. Ƙaras! Ta dafe kumatu, hawaye ya cika mata ido.

Gwaggo ko juyowa ba ta yi ba. Ta miƙa tafin hannu, Sanatu ta ɗora mata tsakuwar. Ta murza ta tsakanin yatsu.

"Wannan ai ko a barci na tsince ta."

Ta ƙulle ta a bakin zane, ta tashi ta nemi ƙofa. Gilashin yana nan a tebur.