Kujerar Goggo

Kujeru saba'in da huɗu ne a shagon, kuma babu ko ɗaya da aka yarda ma'aikaci ya zauna a kai. Akwai na ofis masu juyawa, akwai na falo masu haɗiye mutum har wuya, har da wata mai lilo. Dokar Maigida ce. Ya ce soso ba ya mantuwa, in an zauna sai ya nuna, mai saye kuwa ba ya son saura.

Saboda haka daga takwas na safe zuwa shida na yamma Lauya a tsaye take. Ba lauya ba ce. Shekarunta ashirin da biyu, karatunta ya tsaya a sakandare. Direban motar shagon ne ya laƙaba mata sunan ranar da ya kama ta tana karanta dokokin ƙwadago a waya, alhali 'yan mata masu hankali suna kallon rawa. Aikinta shi ne ta ce wa baƙo, "Zauna ka ji, Yallaɓai," ta tsaya a kansa tana kallon yadda yake lumshe ido.

Ita dai tana iya jurewa. Goggo ce damuwarta. Goggo ba goggon kowa ba ce a shagon, dattijuwa ce da ta shekara goma sha tara tana goge ƙura daga kujerun da ba ta san laushinsu ba. Ƙafafunta sun kumbura har ta koma sa silifas ɗin maza. In rana ta yi tsaka takan jingina da bangon sito, ta ɗage ƙafa ɗaya kamar zalɓe, can ta sauya ɗayar.

"Goggo, zan rubuta wa Maigida takarda," in ji Lauya wata rana. "Kujera ɗaya tak, ta ma'aikata."

"Rubuta abinki, 'yar nan, amma kada ki sa ni. Ƙafata lafiya lau."

"Wannan ce lafiya lau? Kamar an hura ta da famfo?"

"Ƙiba ce. Baƙin ciki kike yi don ke kamar tsinke." Goggo ta yi dariya, sannan ta rage murya. "Jikoki uku ke ci daga ƙafar nan. Ki bar ta ta yi shirunta."

Lauya ta yi alkawari, kuma da gaske ta yi niyyar cikawa. Amma da ta karanta takardar farko sai ta ji ta salam, ba za ta motsa ko kyanwa ba. Sai ta ƙara sakin layi ɗaya. Ta rubuta yadda jijiyoyi suka yi ruɗu-ruɗu a ƙwaurin Goggo, yadda take tsayawa sau uku kafin ta kai benen sama, yadda take dafa bango in tana zaton ba mai kallo. Shi ne sakin layi mafi kyau da ta taɓa rubutawa. Direba ya sa hannu, shi da zama ne sana'arsa. Maigadi ma ya dangwala yatsa daga kan bencinsa.

Maigida ya sa tabarau ya karanta sau biyu.

"Kai, yarinyar nan kin iya rubutu! Wallahi ban san abin ya kai haka ba. Shekara goma sha tara, ba wanda ya gaya mini."

"Kujera ɗaya ce kawai, ranka ya daɗe."

"Za a yi. Ni ba azzalumi ba ne."

Ranar Litinin kujera ta iso. Farar roba ce da aka sayo a wani shago, don na nan sun fi ƙarfin ma'aikata. An rubuta a bayanta da baƙin alƙalami: TA MA'AIKATA. Lauya ta kai ta bakin sito, daidai inda bango ya yi duhu saboda jinginar Goggo, ta tsaya jira.

Sai wajen goma Goggo ta shigo, ba rigar aiki a jikinta. Kwanon abincinta da ta manta ta zo ɗauka.

"Goggo, kin makara! Zo ki gani."

"Ai an sallame ni, 'yar nan. Tun ranar Asabar. Ya ce imaninsa ba zai bar shi ya ci gaba da wahalar da mara lafiya ba, in je gida in huta."

Lauya ta janye hannunta daga kan kujerar.

"Ya karanta mini takardar," in ji Goggo. "Kin iya rubutu. Ni kaina sai da na tausaya wa matar." Ta dubi kujerar. "Ita ce wannan?"

Ta danna ta da tafin hannu kamar mai saye. Ta ga ƙura a hannun kujerar, ta goge da bakin mayafinta. Sannan ta ɗauki kwanonta ta bi ta tsakanin kujeru saba'in da huɗu, a hankali, ba ta dafa ko ɗaya ba.

Da la'asar Maigida ya zo wucewa, ya tarar da Lauya tsaye kusa da farar kujerar.

"Ke, ba ke kika tayar mana da hankali a kan kujera ba? Ga ta nan. Zauna mana."

"Ƙafata lafiya lau, ranka ya daɗe," in ji Lauya.