Maisuna Malam

Ni na zaɓi lamba saba'in ɗin, babu wanda ya tilasta mini. Gara in faɗi haka tun farko, kafin a ɗora wa wani laifi ko a ce na'ura ce ta yi shirme.

Sunana Kauthar. Rubuta manhaja nake yi a wani ƙaramin kamfani a Jabi, hawa na uku, cikin irin gine-ginen gilashin nan da suke tsirowa a Abuja duk wata. A shekarun nan kowa ya zama mai kamfanin fasaha. Wanda jiya yake sayar da katin waya, yau yana da ofis da kujera mai juyawa. Mu dai aikinmu na gaske ne, ko kuma haka na ɗauka. Wata ƙungiyar agaji ce ta ba mu kwangilar haɗa manhajar da za ta riƙa sada iyalan da rikicin gabas ya tarwatsa. Uwa ta zo teburin rajista ta ba da sunan ɗanta da ƙauyensu da shekarunsa. Can a wani gari shi ma ɗan ya je wani teburin ya ba da sunansa da na uwarsa. Sai manhajar ta auna bayanan biyu, ta ba su maki bisa ɗari. In makin ya kai lambar da na sa, allo ya yi kore, ma'aikaci ya ɗauki waya ya kira.

Da farko hamsin na sa. Sai ma'aikata suka taso ni a gaba da ƙorafi. Masu suna Musa ba iyaka, masu suna Fatima ba iyaka, kullum suna kiran mutane suna sa musu rai a banza, ana kuka a waya. Raina ya ɓaci. Ina cin gyaɗa na buɗe kwamfuta, na goge hamsin na rubuta saba'in. Ko minti ɗaya bai ɗauke ni ba. Ƙorafi ya tsaya cak, Oga Alexander, mai kamfanin, ya yabe ni a taron Litinin.

Bayan shekara biyu kwangila ta zo ƙarewa, aka ce in haɗa rahoto. Lokacin ana tsakiyar yayin manhajojin nan masu amsa tambaya kamar mutum, waɗanda za ka ba su aikin sati su gama kafin shayinka ya huce. Na saba da su har na fara mance abin da na sha wahalar koya a jami'a. Na zuba wa tamu ta ofis jerin sunayen da ke rumbunmu, na ce ta fito mini da duk abin da ya kamata a lura da shi. Ta fito da abubuwa tara. Na bakwai ya ce sunan Maisuna ya bayyana sau arba'in da ɗaya a cikin mazan da ake nema, amma ko sau ɗaya bai bayyana a cikin waɗanda aka samu ba, don haka tana ba da shawarar a ƙara bincike a kan al'ummar da ke raɗa wannan suna.

Na tuntsire da dariya ni kaɗai. Al'ummar Maisuna! Sai na tuna da kakata, na daina dariyar.

Kakata ta wajen uba, har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan babana a bakinta ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma sunan surukinta aka mayar masa. Kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. In tana nemansa sai ta ce, "Ku kira mini mai sunan Malam." A cikin wannan na tashi, har tsokanarta muke yi muna yara, mu ce Hajiya wane ne mai sunan, ta bi mu da muciya. Amma ranar da na zauna tsara fom ɗin rajista, ban tuna da ita ba. Wani samfuri na Turawa na kwafo daga intanet: suna, sunan mahaifi, kowanne da jan tauraro a gefe, wato dole a cike kafin a wuce gaba.

Na buɗe rajistar Maisuna arba'in da ɗayan nan ɗaya bayan ɗaya. Maisuna Malam. Maisuna Baba. Maisuna Maigida. Na kwafi rumbun gefe guda, na mayar da makin hamsin, na sake aunawa. Guda ɗaya ya yi kore, da maki sittin da ɗaya.

Mai nema: Iyatu, tana zaune a sansanin 'yan gudun hijira na Kuchigoro, 'yar ƙauyen Tashan Kuka. Wanda take nema: Maisuna Malam, shekara kamar talatin, tabo a girar hagu. A ɗaya ɓangaren kuma wani mutum ne da ya zo da ƙafarsa wata goma sha huɗu da suka wuce. Zulkifilu Manniru, shekara talatin da ɗaya, ɗan Tashan Kuka, tabo a girar hagu, yana neman mahaifiyarsa Iyatu. Komai ya hau sai suna, kuma suna ne mai maki mafi tsoka. Maki tara ne suka hana allon wani ma'aikaci yin kore.

Na gangara wurin lambar wayarsa. Babu komai. Garin da ya yi rajista, babu komai.

Wannan ma aikina ne. Da aka fara maganar kare bayanan jama'a, masu kwangila suka ce kada a riƙe lambar mutum da inda yake har abada, don in ta faɗa hannun miyagu rai ne. Gaskiya suka faɗa. Na rubuta cewa duk wanda ya yi wata shida bai dawo ya sabunta rajistarsa ba, a goge lambarsa da wurinsa, gogewar da ba ta dawowa. Ajiyar ko-ta-kwana ma, wato kwafin da ake ɓoyewa gefe, kwana talatin take yi ta share kanta. Har jawabi na yi a kan wannan dabara a wani taron masu fasaha a otal, aka tafa mini, aka ba ni riga mai tambari. Iyatu ba ta taɓa faɗawa cikin gogewar ba, saboda ita duk Litinin sai ta je teburin ta tambaya. Shi kuwa sau ɗaya ya zo.

Na shiga ofishin Oga Alexander ko sallama ban yi ba.

"Kauthar, zauna first," ya ce, bayan ya gama saurarona. "Wannan ba bug ba ne, ba kuskure a ciki. System ya yi abin da an ce ya yi."

"Oga, mutum ne fa. Yana raye. Uwarsa tana nan Kuchigoro, tafiyar minti ashirin daga nan."

"Na sani, wallahi na ji ba daɗi. Amma in za mu iya dawo da number ɗin, that means mun yi ma client ƙarya tun farko. Ke da kanki kin rubuta shi yadda ba zai dawo ba. You did a clean job."

Ban taɓa jin yabon da ya ƙona mini rai irin wannan ba.

Kwana uku na yi ina haƙa. Na rubuta wa kamfanin da ke ajiye mana bayanai a ƙasar waje, na'ura ta amsa mini cikin ladabi cewa sun cika umarnina daidai. Na nemi lambar kwamfutar hannun da aka yi masa rajista da ita, na same ta, sai aka ce ai kwamfutocin yawo suke yi tsakanin sansanoni goma sha biyu a jihohi huɗu, kuma ba wanda ya taɓa rubuta wacce take ina. Na kira ma'aikata bakwai, babu mai tuna wani mai tabo a gira cikin dubban fuskoki. Daga ƙarshe, don rashin abin yi, na koma wa manhajar mai amsa tambaya na zayyana mata komai. Ta ce ta tausaya mini ƙwarai, ta kawo shawara biyar. Ta farko ita ce in duba ajiyar ko-ta-kwana. Na rufe kwamfutar da ƙarfin da na ji wani abu ya yi ƙara a ciki.

Ran Litinin da safe na tafi Kuchigoro. An yi ruwa da asuba, hanyar duk ta caɓe, mai keke ya sauke ni tun daga bakin kwalta. Shekara biyu ina rubuta wa wurin nan manhaja, ranar ce ƙafata ta fara taka shi. Teburin rajista yana ƙarƙashin wata rumfar kwano, Hannah tana zaune a bayansa. Ita ce ma'aikaciyar da ta yi wa Iyatu rajista. 'Yar Binuwai ce, a kasuwannin Abuja ta tsinci Hausarta. Na riga na gaya mata komai a waya, idanunta sun kumbura.

"Aunty, sau uku na tambaye ta," ta ce. "Na ce Mama, menene sunan yaron? Ta ce mai sunan Malam. Ni na ɗauka sunan shi ke nan. Kuma in ban cika box ɗin ba, ba ya yarda in wuce."

"Na sani, Hannah. Ni na hana shi yarda."

Ba mu daɗe ba sai ga ta. Doguwar mace ce siririya, mayafinta ya koɗe amma a wanke yake tas, da tiren gyaɗa a ka. Ta sauke tiren, ta gaishe da Hannah, ta gaishe ni, ta zauna a bakin benci irin zaman wanda ya san amsar da za a ba shi.

"'Yata, yau ma babu ko?"

Hannah ta kalle ni. Na durƙusa a gaban matar, taɓo yana jiƙa mini zani.

"Inna, sannu da zuwa. Ni daga ofishin da aka haɗa na'urar nan nake. Wanda kike nema… Zulkifilu ne sunansa?"

Ta kawar da kai da sauri, ta ja mayafi ta rufe bakinta, daidai yadda kakata take yi. Sannan a hankali ta juyo.

"Wa ya gaya miki?"

"Shi da kansa ya faɗa, Inna. Ya je an rubuta shi, bara kafin azumi. Ya ce yana neman mahaifiyarsa Iyatu, ta Tashan Kuka."

Ba ta yi ihu ba. Ta ɗaga tafukanta biyu sama, leɓɓanta suna motsi, hawaye yana gangarowa. "Alhamdulillahi," take cewa, "Alhamdulillahi. Shekara tara. Sun ce in yi masa sadaka, na ƙi." Ta kama hannuna ta matse. "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Allah ya ba ki masu yi miki. Yana ina?"

Tun a mota nake shirya amsar wannan tambaya, da Hausa mai sauƙi, ba maki, ba rumbu. Duk ta gudu. Na fara kame-kame. Na ce na'urar tana haɗa suna da suna ne, shi ya ba da sunansa na yanka, a nan kuma abin da aka rubuta daban ne, shi ya sa ba ta gane su ɗaya ba ne, har lokaci ya wuce. Ina cikin neman yadda zan faɗi maganar gogewar ta katse ni.

"Wato don ban faɗi sunan ba ne."

"A'a, Inna, wallahi ba laifinki ba ne. Ni ce na…"

"Ashe ni ce." Ba da ni take ba, ƙasa take kallo. "Yarinyar nan ta yi ta tambayata. Ashe ni na tsare shi a waje."

Na rantse mata, na sake rantsewa. Hannah ma ta sa baki. Ko jinmu ba ta yi. Ta goge fuskarta da gefen mayafi, ta miƙa wa Hannah hannu.

"Kawo abin."

Hannah ta miƙa mata kwamfutar hannun. Ta riƙe ta da hannu biyu kamar ƙwaryar fura, ta kawo ta daf da bakinta. Ta waiga hagu da dama, ko akwai mai ji. Sau biyu ta buɗe baki ba abin da ya fito.

"Zulkifilu," ta ce. Ta yi gyaran murya ta sake, da ƙarfi wannan karon, har wata mata da ke wucewa ta juyo. "Zulkifilu ne. Zulkifilu ɗan Manniru. Ni na haife shi. A rubuta."

Na so in ce wa Hannah kada ta yi, amma ta riga ni. Ta karɓi kwamfutar tana share hanci, ta goge Maisuna Malam, ta rubuta abin da aka ce ta rubuta, ta danna.

Allon ya yi kore. Maki casa'in da takwas. Har da 'yar ƙarar murnar da na zaɓa da kaina, da rubutun da na tsara da manyan baƙaƙe: AN SAMU. KIRA WANNAN LAMBA. A ƙarƙashinsa fili ne fari.

Iyatu ba ta iya karatu ba, amma duk wanda ke zuwa rumfar nan ya san ma'anar kore. Ta leƙa allon, ta dube ni, fuskarta ta washe gaba ɗaya. Ta gyara zama, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

"To, 'yar nan," ta ce, "kira mini shi."