Birkin Marsandin Alhaji

"Taka! Riƙe nan! Saki!"

Mamman ya ɗaga ƙafa daga birki, zufa na bin wuyansa. Ɗangana makanike ya fito daga ƙarƙashin Marsandin, ya shafa man birki a yatsa, ya sansana, har ya ɗan lasa.

"Mai lafiya lau. Babu iska, babu yoyo. Mamman, ka tabbata ba gyangyaɗi ka yi ba?"

"Haba Ɗangana, har da kai?"

Jiya abin ya faru a hanyar burji ta garin Buza. Saniya ta faɗo hanya, Mamman ya danna birki, sai birkin ya harbo masa ƙafa yana gurnani kamar injin niƙa. Ya firgita ya saki. Saniya ta karye, fitila ta tarwatse. Maigidansa, Alhaji Ɗanmaraya dillalin albasa, wanda ya sayi motar hannun wani Anasara da ya tsallako Sahara da ita, ya yanke magana a taƙaice: in makanike ya nuna laifin birki kafin la'asar, Mamman na nan, in bai nuna ba, lakile, wato makullin mota, ya koma hannun Ado, ɗan ƙanen Alhaji da ya karɓo permin tuƙi bana. Tun zamanin tsohuwar bashe, motar ɗaukar kaya, Mamman ke tuƙa Alhaji, kuma da wannan tuƙin ake ɗora tukunya a gidansa.

Suka fita gwaji. A kan kwalta mota ta tsaya cak. Mamman ya karkata bayan tasha inda tsakuwa take, ya bar wa Ɗangana sitiyari. Ɗangana ya ba ta wuta, ya danna.

"Subhanallahi! Mi na wanga?"

"Ka ji ko? Ka ji?"

Duk garin Madawa babu Pijo ko Landiroba da ta taɓa gagarar Ɗangana. Amma da ya buɗe kapo ya leƙa inji, tsayawa ya yi riƙe da ƙugu. Daga bayan kowace taya wata siririyar waya ta taso, ga kuma wani akwatin ƙarfe da bututun mai suka shige cikinsa, an yi masa rubutun da ba Faransanci ba. Ya ƙwanƙwasa shi, ya kara kunne. Ya aika tambaya wajen masu gyaran manyan motoci, aka ce ko a Tawa ba su taɓa jin labarinsa ba.

Can ya yi bisimilla ya zare soket ɗin akwatin. Wata 'yar wutar gargaɗi ruwan ɗorawa ta kama a tablo, gaban direba. Suka koma tsakuwa. Wannan karon tayoyi suka ƙame, mota ta ja ƙasa ta tsaya, kamar kowace motar Allah.

"Ta warke!" in ji Mamman.

"Wutar fa?" in ji Ɗangana.

Ya mai da soket. Wuta ta mutu, harbi ya dawo. Ya zare, wuta ta kama, harbi ya tafi. A cikinsu babu wanda ya san aikin akwatin ke nan: ya riƙa kama birki yana saki don kada taya ta ƙame, direba kuwa ya ci gaba da dannawa.

Ana kiran la'asar Alhaji ya iso garaji, Ado na biye da shi. Ɗangana ya yi bayani da baki da hannu har da ƙafa. Aka sa Alhaji a kujerar baya, wurin zamansa, aka kai shi tsakuwa. Alhaji bai taɓa tuƙi ba, ƙafarsa ba ta san birki ba. Abin da ya ji kawai mota ta yi ƙara ta tsaya.

"To, ai ta tsaya."

"Alhaji, ga ƙafa ake jin shi. Bari in zare ka gani."

Wutar ta kama. Fuskar Alhaji ta canza.

"Da munka kawo maka ita, akwai wagga wuta?"

"Babu, amma..."

"Mai da abin da ka cire."

Ɗangana ya mayar. Wuta ta mutu.

"Nuna mini abin da ya karye. In gan shi da idona."

Ɗangana ya dubi Mamman, ya dubi akwatin. Da ƙusa ce ta gutsure, da ya ɗora ta a tafin Alhaji.

"Ban ga abin da ya karye ba, Alhaji."

"Mota ta ce lafiyarta lau, makanike ya ce haka. Mamman, ba ni lakile. Ado, shiga. Keita za mu."

Mamman ya miƙa. Ya san hanyar Keita: tsakuwa, gangare, garken shanu masu komawa gida. Ado ya tayar da mota yana murmushi. Mamman ya sunkuya a tagarsa.

"Ado, in ka taka ta harbe ka..."

"In yi mi, Baba Mamman? In danne ko in saki?"

Mamman ya waiwayi Ɗangana. Ɗangana na goge hannu da tsumma, idonsa a ƙasa.

"Ka dai tahi sannu," in ji Mamman, ya janye hannunsa daga ƙofar.